Zane Ma Ruwaya Ne: Tarihin Surar Sabir da Danginsa a Littattafan Magunguna na Musulmi

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun yadda aka siffanta kuma aka zana tsirran hamada masu adana ruwa, musamman sabir da furbiyun, a littattafan magunguna na Larabci, tun daga fassarar littafin Diyaskuridus a Bagadaza har zuwa lokacin da Turawa suka shiga fagen. Ta nuna cewa zane yana ratsa hannuwan masu juyin littattafai kamar yadda labari yake ratsa bakunan maruwaita, yana iya inganta, yana kuma iya raunana. Waɗanda suka fi gane haka, har suka nemi maganinsa, su ne malaman da suka saba da ƙa'idojin ruwaya.

Gabatarwa

Yabo da godiya su tabbata ga Allah, wanda yake raya ɗanyen ganye a inda ruwa ba ya kwana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ɗalibin da ke karatun Sahihu Muslim, idan ya iso Kitabul Hajji, zai tarar da labarin Umar ɗan Ubaidullahi, wanda ciwon ido ya kama shi yana cikin harami a kan hanyar Makka. Da ciwon ya tsananta a Rauha'u, sai ya aika wa Abana ɗan Usman yana tambayar abin yi. Abana ya aiko masa da cewa ya shafa sabir, domin mahaifinsa, Sayyadina Usman (R.A.), ya ruwaito haka daga Manzon Allah (S.A.W.) game da mai harami da idonsa ya dame shi. Haka kuma Abu Dawuda da Nasa'i sun kawo labarin Ummu Salama (R.A.), wadda ta shafa sabir tana cikin takabar Abu Salama, aka umurce ta da ta riƙa sa shi da dare tana wanke shi da rana, saboda yana ƙara wa fuska haske.

A zauren karatu akan fassara sabir da cewa wani magani ne mai ɗaci, a wuce. Amma hukunci a wuraren nan biyu ya rataya ne ga sanin haƙiƙar abin. Imam Nawawi ya kafa halaccinsa ga mai harami a kan cewa sabir ba turare ba ne, don haka babu fidiya. A batun mai takaba kuwa, abin dubawa shi ne ko yana shiga cikin ado. Wanda bai san mene ne sabir ba, bai san daga wace shuka yake fita ba, ya karɓi hukuncin ne kawai, bai ga dalilinsa ba. Ta yaya, to, magabata suka adana sanin wannan shuka da ire-irenta, suka miƙa shi ga na bayansu? Wannan ita ce tambayar da maƙalar take son amsawa.

Tsirran da ba su kwanciya a takarda

Tsirran da ake magana a kansu su ne waɗanda suke tara ruwa a jikinsu don su jure dogon fari. Wasu a ganye suke ajiye shi, kamar sabir, wanda danginsa na ƙasar Hausa ake kira zabuwa ko kabar giwa. Wasu a kara, kamar furbiyun na ƙasar Maroko da 'yan uwansa tinya da ƙerana. Wasu kuma a gindi, kamar kariya.

Wannan baiwa da ke raya su a hamada ita ce ta wahalar da masu ilmin tsirrai. Ganyen lalle ko na kuka, idan aka shimfiɗa shi tsakanin takardu aka danne, zai bushe ya riƙe kamanninsa shekaru aru-aru. Ganyen sabir kuwa ko dai ya ruɓe, ko ya ƙi mutuwa, ko kuma ya tsotse ya koma kamar tsohon ƙirgi, kauri da launi duk su tafi. Shi ya sa lokacin da Richard Bradley ya fara fitar da littafinsa a Ingila a shekarar 1716, wanda shi ne na farko da aka keɓe ga irin waɗannan tsirrai, ya bayyana tun a sunan littafin cewa yana magana ne kan tsirran da ba a iya adanawa a busar da su. Ya kammala shi a 1727 da zanen tsirrai 50.

Akwai wata matsala da ta girme wannan. Abin da yake isa kasuwa ba shukar ba ce, ruwanta ne da ya daskare. A tsibirin Suƙuɗra, wanda sabir ɗinsa ya fi kowane suna, akan yanke ganyen a jera su kewaye da wani ɗan rami da aka shimfiɗa wa fatar akuya, ruwan mai ɗaci ya tsiyaye ciki, a bar shi ya yi kauri, a ɗura a salka a kai gaɓar teku. Mai sayar da magani a Bagadaza ko Ƙurɗuba ya san wannan curi sarai: ya san mai kyau launin hanta ne da shi, yana sheƙi, yana saurin farfashewa, ya kuma san 'yan algus suna gauraya shi da ƙaro. Ibn Sina ya kasa shi gida uku, na Suƙuɗra da na ƙasar Larabawa da wanda ake kira Samanjani. Amma da yawa daga masu hannu a cinikinsa ba su taɓa ganin uwar da ta haife shi ba. Hanya biyu ce ta rage a san shukar daga nesa: a siffanta ta da kalmomi, ko a zana ta.

Matsayin zanen tsirrai a shari'a

Wasu marubutan Yamma sukan ɗauka cewa hanin da ya zo game da surori ya toshe wa Musulmi ƙofar zane baki ɗaya. Game da tsirrai abin ba haka yake ba. Buhari da Muslim sun kawo labarin wani mutum da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) ya ce sana'ar surori ita ce abincinsa. Ɗan Abbas ya sanar da shi gargaɗin da ya ji daga Annabi (S.A.W.), da ya ga hankalin mutumin ya tashi sai ya nuna masa mafita, cewa idan ba makawa ya zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai. A kan wannan jumhurun malamai suka tafi. An ruwaito cewa Mujahid ya ƙi a zana itace mai 'ya'ya, amma Alƙali Iyad ya bayyana cewa shi kaɗai ya faɗi haka, kamar yadda Nawawi ya naƙalto. Aikin al'umma ma ya shaida: bangon Ƙubbatus Sahra da aka gina a Ƙudus a 72H, da na masallacin Dimashƙu na zamanin Walid ɗan Abdulmalik, cike suke da surorin itatuwa da ganyaye.

Ke nan tambayar da ta fuskanci mai zanen tsirrai a duniyar Musulmi ta gaskiya ce da amana: shin abin da ya zana shi ne abin da Allah ya halitta, ko kuwa abin da ya tarar a takardar wani ne?

Gadon Diyaskuridus

Tushen wannan fanni littafi ne na wani likita Bayunane, Diyaskuridus, mutumin Ainu Zarba a kudancin Turkiyya ta yau, wanda ya rayu a ƙarni na farko na Miladiyya. Littafin maƙala biyar ne, ya ƙunshi tsirrai kusan 600. Ya kwatanta ganyen sabir da na albasar daji da Larabawa ke kira ishƙil, ya ce mai kauri ne, mai danƙo, da ƙayoyi a gefe, kuma yana fita a Indiya da ƙasar Larabawa da wasu tsibiran Yunan.

Mafi shaharar juyinsa mai zane shi ne wanda aka yi a Kustantiniyya wajen shekarar 512M domin gimbiya Anisiya Juliyana, kuma akwai surar sabir a cikinsa. Bayan birnin ya koma hannun Usmaniyawa littafin ya ci gaba da aiki a hannun likitoci, har aka rubuta sunayen tsirrai da Larabci da Ibrananci kusa da zanensu. Daga gidan likitan Sarki Sulaimanu aka saye shi aka kai Biyana a 1569, inda yake har yau.

An fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza a zamanin Halifa Mutawakkil (232–247H). Isɗifan ɗan Basil ne ya fassara, Hunainu ɗan Ishaƙa ya duba ya gyara, aka san shi da Kitabul Hasha'ish. Ibn Juljul, likitan Ƙurɗuba, ya ba da labarin wani hali na Isɗifan da ya cancanci yabo: duk sunan shukar da ya san takwaransa a Larabci sai ya fassara, wanda bai sani ba kuwa sai ya bar shi da Yunanancinsa, yana dogara ga Allah ya kawo wanda zai gane shi a bayansa. Wannan irin tsantseni ne da muka sani wurin maruwaici, wanda idan ya yi kokwanto a kan lafazi yakan bayyana kokwantonsa, ba ya cike gurbi da zato.

Gurbin da Isɗifan ya bari a Andalus aka cike shi, kuma zane ya taka rawa. A shekarar 337H sarkin Rumawa ya aiko wa Halifa Abdurrahman Annasir da kyauta, cikinta har da juyin Diyaskuridus na Yunananci mai surori masu ban mamaki. Babu mai karanta Yunananci a Ƙurɗuba a lokacin, sai littafin ya zauna a taska har wani malamin Kirista mai suna Niƙula ya iso a 340H. Ya zauna da wata ƙungiya ta likitoci da masu sanin ganyaye, cikinsu har da likita Bayahude Hasdai ɗan Shafruɗ, suna haɗa suna da sura da ainihin shukar da ke fita a ƙasarsu. Ibn Juljul, wanda ya riske su, ya ce bayan aikinsu abin da ya rage ba a gane ba bai wuce magani goma ba.

Lokacin da zane ya zama juyin juyi

Mafi daɗewar juyin Larabci mai zane da ke ɗauke da tarihinsa shi ne wanda ke Laidin a ƙasar Holan, an gama shi a 475H/1083M, da surori kimanin 620. An juyo shi ne daga gyaran da Annatili ya yi wa fassarar a Samarƙandi a 380H. Sai na 621H/1224M, wanda Abdullahi ɗan Fadlu ya rubuta, aka yage wasu warƙoƙinsa suka watsu a gidajen tarihi na Turai da Amurka. Sai na 626H/1229M da ke fadar Topkapi a Santambul. Akwai kuma juyin littafin Algafiƙi, masanin Andalus na ƙarni na shida na Hijira, wanda aka yi a 654H/1256M da ɗaruruwan surori, yana birnin Montiriyal a Kanada.

Wanda ya jera waɗannan littattafai zai lura da wani salo da ya rinjaya. Ana zana shukar dukkanta, har da saiwa, a shimfiɗe, dama ta yi daidai da hagu, ganye ya fuskanci ganye. Salon yana da amfaninsa, domin yana nuna sassan da mai magani yake nema, yana kuma taimakon hadda. Amma mafi yawan masu zanen daga wani littafin suke ɗauka, shi ma daga wani, har a koma ga wani asali na Rumawa. Kowane hannu ya ɗan daidaita abin da ya ga kamar ya karkace, ya ɗan ƙawata abin da ya ga kamar bai yi kyau ba. A juyin Topkapi akwai zanen kurangar inabi da ya yi kama da mai rai har yana ba masu nazari mamaki, ga shi kuma cikin littafi ɗaya da surorin da suka koma tamkar adon bango. Bambancin yana ga nisan kowannensu daga wanda ya fara kallon shukar da idonsa.

Tun a ƙarni na farko marubucin Rum, Filini, ya yi kuka da wannan. Ya ce zanen tsirrai yana yaudara saboda launi ba ya kama halitta, masu juyi suna ɓata shi, kuma shuka tana sauya kama daga lokaci zuwa lokaci cikin shekara, zane ɗaya ba ya isa.

Furbiyun shi ne misali mafi bayyana. Ƙaro ne mai tsananin zafi da ake samu daga wata shuka ta duwatsun Atlas. Sunansa ya samo asali daga likitan Sarki Juba na biyu na ƙasar Magrib. Diyaskuridus ya ba da labarin yadda ake ɗiban sa: saboda tsoron zafinsa, akan ɗaura wankakken tumbin tunkiya a jikin shukar, a tsaya daga nesa a soke ta da mashi, ruwan ya zuba ciki. Amma da ya zo siffanta ta sai ya kamanta ta da kalhu, wata doguwar shuka mai siraran ganye. Ainihin furbiyun kuwa ba ta da ganyen a zo a gani. Kararra ne masu kauri, masu kusurwa huɗu da gajerun ƙayoyi, a cunkushe kamar tudu. Mai zane a Bagadaza, wanda abin da ke gabansa shi ne wannan siffantawa da tsohon zanen da aka gina a kanta, ba shi da hanyar da zai dace, komai gwanintar hannunsa. Rauni ya shiga tun daga asalin isnadi.

Gyaran daga Andalus ya zo, ta bakin wanda ya gani. Algafiƙi, kamar yadda Ibnul Baiɗar ya naƙalto daga gare shi, ya ruwaito daga wani da ya ga shukar a ƙasarta cewa iri biyu ce. Ɗaya tana da yawa a Dutsen Daran, wato Atlas, Barbarawa suna kiran ta takaut, kararranta masu faɗi ne cike da ruwa fari kamar nono, kuma babu abin da ke tsirowa kusa da ita. Ɗayar kuma a ƙasar Sudan take fita, wato ƙasashen baƙar fata na kudu da Sahara, ta fi yawan ƙaya, tana bazuwa a ƙasa. Duk wanda ya taɓa karya reshen tinya ko aguwa ya ga farin ruwan nan zai gane dangin da ake nufi. A ilmin zamani sai a 1863 aka ba shukar Atlas sunanta na kimiyya.

Gani ya kori ji

Tun kafin wannan akwai wata hanya ta daban da ta taso daga ilmin lugga. Abu Hanifa Addinawari, wanda ya rasu a 282H, ya tattara Kitabun Nabat daga bakin Larabawan ƙauye da malaman lugga, yana ambaton wanda ya faɗa masa. Siffar da ya ba sabir, wadda Lisanul Arab ya adana, ita ce tsironsa kamar na susan ne, sai dai ganyensa ya fi tsawo da faɗi da kauri nesa ba kusa ba, kuma ruwa ne da shi ƙwarai. Ba a yi zane ba, amma an ji daga mutanen da shukar take a ƙofar tantinsu. Binciken zamani ma ya karkata ga cewa asalin sabir ɗin da ya gama duniya daga tsibirin Larabawa yake.

Wanda ya haɗa ilmin ruwaya da na tsirrai a jiki ɗaya shi ne Abul Abbas Annabati na Ishbiliyya, wanda aka fi sani da Ibnur Rumiyya, ya rasu a 637H. Mahaddacin hadisi ne, har ya yi wa littafin Alkamil na Ibn Adiyyi cikon maruwaita masu rauni. A tafiyarsa ta Hajji ya ratsa arewacin Afirka da Masar da Hijaz da Sham da Iraƙi, yana jin hadisi a wurin malamai, yana duba tsirrai a jeji, ya rubuta abin da ya gani. Lisanuddin Ibnul Haɗib ya bayyana dalilin da ya sa fannonin biyu suka haɗu a wurinsa, cewa jarinsu ɗaya ne: tafiya, da rubutawa, da inganta asali, da warware rikicin lafazi, ɗaya yana tsare addini, ɗaya yana tsare jiki.

Almajirinsa Ibnul Baiɗar, mutumin Malaƙa, ya zama shugaban masu ganyaye a Masar a ƙarƙashin Sarki Alkamil, ya rasu a Dimashƙu a 646H. Littafinsa Aljami'u ya ƙunshi magunguna kusan 1,400. A gabatarwarsa ya ɗaukar wa kansa sharaɗin jingina kowace magana ga mai ita, da karɓar abin da gani da jarrabawa suka tabbatar, da barin abin da ya saɓa musu ko da wane ne ya faɗa, da kuma yi wa sunaye wasali da ɗigo don kada masu juyi su gurɓata su. Ɗalibin Musɗalahul Hadis ba zai ji baƙunci a wannan gabatarwa ba.

Wanda ya kai wannan manhaji ga zane kansa shi ne Rashiduddin Ibnus Suri, haifaffen birnin Sur a 573H, likitan sarakunan Ayyubawa, wanda ya rasu a Dimashƙu a 639H. Ibn Abi Usaibi'a, wanda ya yi zamani da shi, ya faɗa a littafinsa na tarihin likitoci cewa Ibnus Suri yakan ɗauki mai zane da launukansa iri-iri su tafi inda tsirrai suke, kamar Dutsen Lubnan. Sai ya nuna masa shukar, mai zanen ya lura da launinta da girman ganyenta da rassanta da saiwarta, ya zana ta a wurin. Kuma yakan sa a zana ta sau uku: tana ɗanya sabuwar fitowa, da lokacin da ta cika ta yi iri, da lokacin da ta yanƙwane ta bushe, domin mai karatu ya gane ta a kowane hali ya same ta. Ƙorafin nan uku na Filini, launi da juyi da sauyin lokaci, Ibnus Suri ya amsa su da aiki. Zuwa da kai ya fi aike.

Abin takaici shi ne waɗannan surori ba su iso gare mu ba. Littattafan da aka yi ta juyawa sun wanzu, wanda aka zana da ganin ido kuwa sai labarinsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kafin zuwan injin ɗab'i, ko sahihin zane ba shi da hanyar yaɗuwa sai ta hannun masu juyi, kuma daga juyi na biyu ya fara rasa abin da ya bambanta shi. Kalmomi sun fi zane jure doguwar tafiya, saboda ana iya karanta su ga malami a gyara, a yi muƙabala da asali harafi da harafi. Wataƙila wannan ne ya sa manyan masana irin su Ibnul Baiɗar suka fi dogara ga siffantawa.

Cutar ba ta bar Turawa ba

Injin ɗab'i ya kawar da ɓarnar masu juyi, amma bai kawar da raunin asali ba. A 1697 aka buga littafin lambun magani na Amsatadam, wanda Jan Commelin ya tsara, da kyakkyawan zanen wata shukar sabir da aka laƙaba wa sunan Suƙuɗra, bisa zaton daga gare ta ake samun sanannen maganin. Zanen daidai yake da shukar da ke lambun, nasabar ce ƙarya. Sunan ya bi ta fiye da shekara 200, sai a farkon ƙarni na 20 Rudolf Marloth ya same ta tana tsiro a dutsen da ke bayan birnin Kef a Afirka ta Kudu. Har yau sunan Suƙuɗra take ɗauke da shi a littattafan kimiyya. Ainihin sabir na tsibirin kuwa sai wajen 1880, lokacin da masanin tsirrai Isaac Balfour ya je can, aka tantance shi. A harshen malaman hadisi, matani ne mai kyau da aka ɗora wa isnadin da ba nasa ba.

Waɗanda suka dace cikinsu hanyar Addinawari da Ibnus Suri suka bi. Ayarin da sarkin Danmak ya aika ƙasar Larabawa a 1761 ya ƙunshi Peter Forsskal, almajirin Linnaeus, wanda ya san Larabci, da mai zane Baurenfeind. Forsskal yakan tambayi mutanen Yaman sunan kowace shuka ya rubuta. Ya rasu a garin Yarim a 1763, mai zanen ma ya rasu a teku a shekarar, kuma cikin mutum shida Carsten Niebuhr kaɗai ya koma gida, ya buga bayanan abokinsa a 1775. Cikin abin da Forsskal ya siffanta har da shukar da Yamanawa ke kira adan, kuma daga wannan suna aka ƙera sunanta na kimiyya. Ita ce kariyar da muka sani, mai kumburarren gindi da jan fure a tsakiyar rani.

Abin da ɗalibin addini zai ɗauka

Na farko, suna yana ƙaura daga shuka zuwa shuka. Bayan 1492 aka shigo da wata shuka mai faffaɗan kara da ƙaya da 'ya'ya masu zaƙi daga nahiyar Amurka, ta bazu a ƙasashen Bahar Rum. Mutanen Sham suka kira ta sabar ko sabbar saboda ta yi musu kama da abin da suka sani, a Masar ana kiran 'ya'yanta ɓaure mai ƙaya, a Magrib ana ce mata hindi. Ba ta da dangantaka da sabir na hadisi, ba ta ma taka ƙasar Larabawa ba sai bayan wafatin Annabi (S.A.W.) da ƙarnoni masu yawa. Ɗalibin da ya nemi kalmar a intanet yau zai iya cin karo da hotonta, ya ɗauka ita ake nufi. Kama da wane ba wane ba ne. Idan kuskuren ya tsaya a fahimta da sauƙi, amma hadisin magana yake a kan abin da ake sa wa ido, kuma a cikin tsirran da suka yi kama da juna a idon baƙo akwai tinya da ƙerana, waɗanda ruwansu kan makantar.

Na biyu, aikin da aka yi a Ƙurɗuba yana jiran masu yi a harsunanmu. Malamanmu na da sun fara shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da risala a kan sana, wato filasko, kuma a gefen warƙoƙin littattafanmu akan tarar da sunan ganye da ajami, na Hausa ko na Fulatanci, a gaban kalmar Larabci. Kowane irin wannan ɗan rubutu da'awa ce cewa wancan shi ne wannan, kuma tana buƙatar a bincika ta: wa ya faɗa, ya ga shukar ko ya ji ne, kuma shukarmu ita ce ainihin ta Hijaz ko 'yar uwarta ce? Zabuwa dangin sabir ce, amma ba ita ce ta Suƙuɗra ba, kuma mai fassara ya kamata ya faɗi haka.

Kammalawa

Tarihin zanen sabir da furbiyun ya nuna cewa shari'a ba ta hana Musulmi zana tsirrai ba, kuma sun zana su da yawa. Abin da ya raba zane mai amfani da maras amfani shi ne kusancinsa da wanda ya gani, da amanar waɗanda suka miƙo shi. Isɗifan ya bar gurbi inda bai sani ba, Algafiƙi ya nemi wanda ya je ƙasar, Ibnur Rumiyya ya yi tafiya, Ibnus Suri ya kai mai zane gaban shukar. Yau hoto ya yi arha, yana yawo ba tare da sunan wanda ya ɗauka ko inda aka ɗauka ba, don haka buƙatar tambayar asalinsa ta ƙaru. Ya dace sassan nazarin hadisi da fiƙihu a jami'o'inmu su haɗa hannu da masana tsirrai da masu maganin gargajiya, a tsara ƙamus na tsirran da suka zo a Sunna, kowace da sunanta na Larabci da na kimiyya da na gida inda ya tabbata, da surarta a matakan rayuwarta, da bayanin wanda ya gan ta da wurin da ya gan ta. Allah ne Mafi sani.